"Ina biya" daban, "nakan biya" daban

A Babbar Kasuwa ta Yamai akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa. Tun da aka sake buɗe kasuwar a 1987, bayan gobarar 1982, yake cikin rumfarshi. Yana jin Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransanci. Ingilishi kuwa tsintarshi ya yi a bakin baƙi.

Wata rana wani Inyamuri ya kawo mashi kaya daga Ikko. Suka shirya bisa kuɗi. Alhaji yana son ya ce mashi duk Laraba yakan biya masu ba shi kaya. Sai ya ce "I am paying". Baƙo ya miƙo hannu. Alhaji ba kuɗi a ƙasa. Baƙo ya zaci ana yi mashi wasa da hankali, ya ɗaure kayanshi ya kai wata rumfa. Hasarar cinikin ba ta dami Alhaji ba kamar yadda aka ɗauke shi maƙaryaci.

Da dare ya kira jikanshi ɗan kwalej ya ba shi labari. Yaro ya ce: "Kaka, ai ka ce mashi kana biya yanzu-yanzu. Abin da ake yi kullum, wanda mu muke cewa nakan, su sai su faɗi aikin tsurarshi. I pay on Wednesday."

Alhaji ya sayi kaye. Bayan isha'i yaro ya faɗa, shi ya rubuta: I open, nakan buɗe. I sell, nakan sayar. In maganar mutum ɗaya ce, namiji ko mace, sai a ƙara s a ƙarshe: he sells, she buys. In ba a yi, a ce I do not sell. Wannan s ta wahalar da shi har wata biyu. Maƙwabtan rumfa suna ta dariya, tsoho da kaye kamar ɗan lakwal. Bai kula ba.

Da baƙon ya komo, Alhaji ya tare shi ya ce: "I pay on Wednesday. I do not cheat." Baƙo ya yi dariya, ya sauke dila biyu.

Ƴan'uwa, a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wanda ya gane bambancin "ina" da "nakan" a harshenshi, ya riga ya ci rabin wannan darasi. Gemu ba ya hana ilimi.