Wasan Kwamfuta Da Masu Ƙera Shi: Abin Da Na Gani Da Idona

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana jawo gardama tsakaninmu da 'ya'yanmu, watau wasan nan na kwamfuta da su ke yi a gaban talabijin. Iyaye da yawa sun ɗauke shi shiririta, in kuwa yaro ya ce sana'ar ƙera shi zai koya, sai a yi ta salati kamar ya ce bori zai shiga. To, ni na zauna gida ɗaya da mai wannan sana'a har wata bakwai a nan Summerfield, na kuma riƙe linzamin wasan da hannuna. Saboda haka abin da zan faɗa gani ne, ba ji ba.

Mai sana'ar ɗan ƙanwata ne. A Kumasi aka haife shi, aka zo da shi Amurka yana ƙarami, ya yi karatunsa, ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani a wajen Raleigh wanda ba zan ambaci sunansa ba. Aikinsa shi ne shimfiɗa ƙasar da a ke wasan a cikinta: nan tudu, nan kogo, nan gada, nan kuma abokin gaba zai laɓe. Shekara uku suna gina wasa guda. A ƙarshen 2023 masu zuba kuɗi suka janye hannu, aka tara ma'aikata da safe aka ce musu an rufe. Wasan bai fito ba, ba kuwa zai fito ba. Abin da ya fi ci masa rai, ya riga ya sa hannu a takarda cewa ba zai nuna aikin ga kowa ba, don haka in ya je neman wani aiki aka ce ina abin da ka yi, sai dai ya faɗa da baki. Inshorar asibiti ta tafi tare da albashi. Ya ɗora kayansa a mota, ya biyo hanya mai lamba 40 ya zo mini.

Da ya ɗan huce na ce masa, "Kai yaro, mene ne wuyar abin nan, har mutum arba'in su shekara uku ba su gama ba?"

Ya ce, "Kawu, akwai wasan da a ke jan mutum a hanya ɗaya kamar jirgin ƙasa, wannan da sauƙi-sauƙi. Namu irin wanda a ke sakin mutum ne a cikin ƙasa mai faɗi, ya yi gabas ko yamma yadda ya ga dama. Duk inda zai iya sa ƙafa sai mun riga shi zuwa." Ya ba ni misali da doki. Masu gwaji suka ce dokin wasansu ba ya iya tsallake wani kwazazzabo, sai aka ƙara masa tsalle kaɗan. Kwana biyu sai ga shi dokin yana haye ganuwar wani birni da ba a so a shiga sai a ƙarshen labari, mai wasa ya tarad da sarkin da ya kamata a ce ba a ko naɗa shi ba tukuna. A ɗaga ganuwa, sai ta tare hasken rana a kasuwa, masu zane su ce an ɓata musu aikin wata guda. Haka abin ya ke, ka toshe nan, can ya ɓalle. Kuma duk tsawon wannan lokaci ana biyan masu zane, da masu rubuta wa kwamfuta umarni, da makaɗa, da masu gwaji, ba ko kwabo da ke shigowa. Kamar manomin da zai yi shekara huɗu yana noma gona ɗaya, girbi sau ɗaya tak, in damina ta ƙi a wannan shekara shi ke nan.

Kada ku ce rashin sa'ar yaron nan ne shi kaɗai. A wannan jiha tamu ta Karolina ta Arewa, a garin Cary, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi daga nan, akwai Epic Games, masu wasan Fortnite wanda jikokinku su ke kwana a kai. Tun 2011 suka yi shelar wasan, bai fito ba sai 2017. Duk da irin dukiyar da ya kawo musu, a watan Satumba 2023 suka sallami ma'aikata wajen 830. A Raleigh kuma wani gwani mai suna Cliff Bleszinski, wanda ya yi suna a Epic ɗin, ya kafa nasa kamfani, Boss Key, a 2014. Suka fito da LawBreakers a watan Agusta 2017, mutane ba su saya ba. Suka yi sauri suka jefo wani a watan Afrilu 2018, a watan Mayu aka rufe ƙofa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Curt Schilling, shahararren ɗan wasan ƙwallon sanda. Ya kafa 38 Studios, jihar Rhode Island ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 75 a 2010. Suka fitar da Kingdoms of Amalur a watan Fabrairu 2012, wasan takubba da dodanni, an kuwa yabe shi. Amma babban wasan da aka ci bashin dominsa bai ƙaru ba, kuɗi suka ƙare. A watan Mayu na wannan shekara aka sallami ma'aikata duka, fiye da 300, bashi kuwa ya koma wuyan talakawan jihar. Epic ta kwashi waɗansu daga cikinsu ta buɗe musu sabon wuri, shi ma kafin shekara ta zagayo aka rufe. Akwai kuma masu fitar da abu ɗanye don masu kuɗi sun matsa. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt a ƙasar Polan, sau uku ana ɗaga ranar fitowarsa a 2020, ma'aikata na aiki kwana shida a mako. Da ya fito ran 10 ga Disamba, ɓarakar da ke cikinsa ta yi yawa har Sony ta cire shi daga kantinta, bai koma ba sai Yuni 2021.

Ƙanwata da ta ji waɗannan labarai sai ta ce ai ga shi nan, ya bar wannan harka ya nemi lasin na babbar mota kamar sauran yara. Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma na tuna mata da masaƙar White Oak ta nan Greensboro, wadda ta fi shekara 100 tana saƙa yadin wandon jins, aka rufe ta a ƙarshen 2017. Su ma can ai ba wasa su ke yi ba.

Yanzu bari in zo kan wasan da kansa. A cikin kayan yaron akwai na'urar PlayStation 5, da wani wasa Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na birnin Tokyo ya fitar ran 25 ga Fabrairu 2022. Kafin mako uku an sayar da miliyan 12. Shugaban aikin, Hidetaka Miyazaki, shi ma ya taɓa shan wahala: wani wasa ne da ya cije wa kamfanin, kowa ya fid da rai, ya karɓa ya juya shi, ya fito a 2009 da sunan Demon's Souls. Tun daga nan aka san su da abu guda, ba sa sassauta wa kowa. Sauran wasanni su kan tambaye ka, mai sauƙi ka ke so ko mai wuya? Wannan ba ya tambaya. Tsoho mai sanyin yatsu irina da yaro ɗan shekara goma sha biyar, dodo ɗaya za su tarar.

Kai korarre ne da aka kira ya komo ƙasarsu bayan ta lalace. Kana fitowa daga rami sai ka ga fili kore shar, can nesa ga wata itaciya ta zinariya ta rufe rabin sama. A gabanka kaɗan ga wani barde a kan doki, shi da dokin duk cikin sulke na zinariya, yana kai da kawowa. Na ce wa yaron, "Wannan fa?" Ya ce, "Kawu, gwada shi mana." Bugu biyu ya yi mini. Na tashi na koma, ya sāke. Sai da na mutu sau tara, yaron na ta ƙyaƙyata dariya, rabon da in ji dariyarsa tun zuwansa. Sa'an nan ya ce da gangan aka ajiye barden a bakin ƙofa, domin a koya wa mai wasa cewa a wannan ƙasa ba kowane faɗa a ke tsayawa ba, akwai na ratsewa a bi ta bayan duwatsu, a komo bayan an yi ƙarfi. Ya ce irin wannan dabara ita ce aikinsa, koyarwa ba da magana ba. A nan na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ban gani ba.

Abin da ya kama ni a wasan, wallahi, shi ne zango. A ko'ina cikin dajin akwai waɗansu wurare masu ɗan haske inda matafiyi ya kan zauna. In ka zauna, gorar maganinka ta cika, ka kashe dukiyar da ka tara wajen ƙara ƙarfi, in ka mutu kuma a nan za ka farka. Amma fa zaman da ka yi ya kan ta da 'yan fashin da ka riga ka kashe a hanya. Dukiyar kuwa, in aka kashe ka, a inda ka faɗi ta ke zubewa. Kana da dama ɗaya ka je ka kwaso, in aka sāke kashe ka kafin ka kai, ta tafi har abada. Saboda haka kullum lissafi ka ke yi: in ci gaba da wannan kaya a kaina, ko in koma zangon baya? Kakanninmu da suka yi ta bin ayari daga Kano zuwa Salaga neman goro, wata da watanni a hanya, ai wannan lissafi madugu ya ke kwana da shi. Na zauna a Summerfield, mutanen Japan sun sa ni ina tunanin jakunan kakana.

A ƙofar wani babban gidan sarauta akwai wani mai suna Margit, mai sanda da wutsiya. Mugun halinsa shi ne ya ɗaga sanda ya riƙe ta a sama, kai ka tsorata ka yi tsalle, sai ka sauka sa'an nan ya sauke maka. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san irin wannan ɗan damben. Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Daga baya na bar shi na yi kudu, na yi ta yawo a kan dokina mai ƙaho, na sami makami mai kyau, na koyi kiran waɗansu kyarketai uku na aljanu su ɗauke masa hankali. Daren da na kā da shi na yi kabbara har uwargida ta fito da gudu tana tambaya ko lafiya.

Akwai kuma wata rijiya a cikin wani kurmi. Ka hau wani dandamali ya yi ta sauka da kai, ya yi ta sauka, har ka ce na'urar ta lalace. Sai ka fito a ƙarƙashin ƙasa ka ga wata sama dabam cike da taurari, da kogi, da kangayen birni. Yaron ya ce mutum na iya gama wasan duka bai san da wurin ba, amma waɗansu mutane sun yi watanni suna gina shi. Masu wasa na duniya kuma su kan bar wa juna rubutu a ƙasa. Wani ya yi maka gargaɗi na gaskiya, wani kuwa ya rubuta a bakin rami cewa akwai dukiya a ƙasa, ka yi tsalle. Halin ɗan Adam dai ko a ina.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Labarin cike ya ke da gumaka da tsafi, ni na ɗauke shi tatsuniya kamar ta Gizo da Ƙoƙi, amma ban yarda a bar ƙaramin yaro da shi ba, akwai jini da abubuwan ban tsoro. Babban aibinsa a wurina, ba shi da maɓallin tsayarwa. In kana tsakiyar faɗa lokacin salla ya yi, ko ka ajiye linzami a kashe ka, ko ka jinkirta salla. Dokar gidana ita ce, in magariba ta kusa ba mai shiga ƙofar dodo, a nemi zango a zauna. Yana kuma cin lokaci ƙwarai. Na'urar tana lissafin sa'o'in da mutum ya yi, nawa sun wuce 140, ban kuwa gama ba. Mai iyali da ke aiki biyu ba shi da wannan sarari.

Yaron yanzu yana aikin ɗaukar kaya a wani sito kusa da filin jirgin sama, ya kama ɗakinsa a Greensboro. Da dare shi da abokansa biyu suna gina wani ɗan wasa nasu a kan Unreal, injin nan na Epic da kowa ke iya ɗauka ya fara aiki da shi ba tare da ya biya ba. Wasan ayari ne, daga Kano zuwa Gwanja. Na ga abin da suka yi: jakuna shida ne, ɗaya har yanzu ya kan ratsa ta cikin bango kamar aljani, ba su gano dalili ba tukuna. Ba kuɗi su ke nema wurin kowa ba, na tambaye shi sau biyu. Abin da su ke bukata shi ne sani. Yaya a ke ɗaure huhun goro, ana yayyafa masa ruwa sau nawa a hanya, me jagaba ke yi, me uban dawaki ke yi, wa ke fara sauka in an isa zango, wane fito a ke biya a bakin Kwara.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu, maza da mata, duk wanda ya ji waɗannan abubuwa daga bakin iyayensa a Kumasi, ko Nima, ko Tamale, ko Salaga, ya tsaya bayan taronmu na wata mai zuwa. Yaran za su zo da na'urar ɗaukar magana, ni kuma zan kawo koko da ƙosai. Mai son ya gwada barden nan na bakin ƙofa, na'urar tana gidana har yanzu.