Jiran Ubangiji a Bakin Dajin Rugu

Wanda bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba, kada ya yi saurin yi wa mutanen Batsari da Safana wa'azin haƙuri. Haka nake faɗa wa matasan fastocinmu. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa, ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansar 'yarsa, ya riga ya san Allah na nan. Abin da ke cin ransa shi ne, har yaushe?

Ni Bahaushe ne Kirista, kuma ba mu da yawa a wannan yanki. Mahaifina ya karɓi bishara a Babbar Ruga, asibitin kutare na lokacin da ke kan hanyar Katsina zuwa Batsari, wanda 'yan mishan na SIM suka karɓa a shekarun 1930. Jinyar kuturta a wancan zamani ta shekaru ce. Ya dawo gida da dungulmin yatsu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, kuma da waɗannan yatsun ya koya mini binne. Ka fita rana na dukan ƙeya, ƙasa a bushe ƙurmus, ka sara rami, ka jefa ƙwayar gero, ka taka da diddige, alhali ko gizagizai babu. A farin 1973 yayyafi ya yaudare mu, iri ya tsiro ya ƙone. Tsoho ya kwance ɗan ragowar da ya ɓoye a tukunya muka sake fita. Jiran Allah a wurinsa ke nan: ruwa ba a hannunka yake ba, amma iri da sungumi suna hannunka, kuma za a tambaye ka a kansu.

Na ɗauka fari ne babbar jarrabawar rayuwata, sai ga abin da ya fito daga dajin Rugu. Satar shanu ta zama satar mutane. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar, watanni kaɗan bayan sulhun da Gwamna Masari ya yi da 'yan bindiga a 2019. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi. Sai a kai hari ƙauye, ba ka da yadda za ka ji ko ɗan'uwanka ya kwana da rai. Ƙauyuka suka watse, wasu Batsari, wasu Dutsin-Ma, wasu Katsina. Harsashi bai tambayi addinin kowa ba. Yawancin waɗanda aka binne maƙwabtanmu ne Musulmi, mun zauna a tabarmar ta'aziyyarsu, sun zauna a tamu. A Janairun 2023 kuma aka shiga wata majami'a a Gidan Haruna, ƙasar Ƙanƙara, ana cikin sujada, aka tafi da masu ibada.

A cikin waɗannan shekaru na daina jin kunyar yi wa Allah kuka. Annabi Habakkuk ya yi, ya tambayi Ubangiji dalilin da ya sa yake ganin zalunci ya ƙyale. Allah bai kore shi ba, ya amsa masa, ko da yake amsar ba mai daɗi ba ce. Ƙarshen littafin nan yana maganar gonaki da ba su ba da amfani ba da garke da ya zama wayam, kai ka ce a yankinmu aka rubuta shi. Mutumin bai ga sauƙi da idonsa ba lokacin da ya yanke shawarar riƙe Allah.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa a gaban shaidu, ya sa aka adana takardun cikin tukunyar ƙasa. Na san wata gwauruwa a cikinmu, an kashe mijinta a gona, tana zaman gudun hijira a ɗakin aro. Da damina ta kama ta roƙi ɗan fili a bayan gari ta shuka wake da kuɓewa, ta mai da yaranta makaranta. Ba ta iya karatu ba, amma ta fi ni fahimtar Irmiya.

Ba zan ɓoye muku ba, 'ya'yana, akwai waɗanda muka yi azumi da addu'a dominsu ba su dawo ba. Mai ce muku duk wanda ya ba da gaskiya sosai ba za a taɓa shi ba, ƙarya yake yi, yana kuma ɗora wa masu makoki laifi a kan baƙin cikinsu. Almasihu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Begenmu yana kan tashinsa daga matattu.

Mafi wuyar jira shi ne barin ramuwa a hannun Allah. Tsare gida wajibi ne, ina kuma yi wa yaran da suka shiga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 addu'a. Amma tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi don kawai Bafulatani ne, wannan kisan kai ne, ko wa ya yi. Da Fulani muka tashi, nononsu muka sha, da yawansu ma su aka fara kwashe wa shanu. Hukuma kuwa kada ta fake da haƙurinmu. Allah muke jira. Ita tambayarta za mu ci gaba da yi, don tsare rayukanmu aka ɗora ta.

Ku 'yan'uwa na ikilisiyoyin Katsina, Kano da Kaduna, addu'arku muna so, amma ku haɗa da zuwa. Kafin ruwan farko ku kawo wa 'yan gudun hijira iri da taki, ku ɗauki kuɗin makarantar marayu, Kirista da Musulmi, ku tambayi sunayen waɗanda har yanzu ke daji ku riƙa ambaton su ɗaya bayan ɗaya ran Lahadi.