Dodon Zaiba da Sunan Kare

Mu huɗu ne a ɗaki guda a masaukin ɗalibai, kuma duk daren da aka ɗauke wuta karatu ya gagara, hira ce abincinmu. A irin wannan dare ne muka kalli tsohon fim ɗin nan na Amurka, Terminator 2, wanda James Cameron ya fitar a 1991, a kwamfutar ɗayanmu mai sauran caji. Tun daga ranar gardama ta ɓarke tsakaninmu a kan abokin gābar jarumin, wato T-1000, wanda muka laƙaba wa suna Dodon Zaiba.

Shi wannan dodo da narkakken ƙarfe mai sheƙi aka yi shi, aka aiko shi daga zamani mai zuwa domin ya kashe wani yaro mai suna John Connor. Duk abin da ya taɓa yana iya rikiɗa ya zama shi, muddin girmansu ya zo ɗaya. Yakan mai da hannunsa takobi ko tsinke, amma ba ya iya zama bindiga, saboda tana da albarushi da ƙananan sassa masu motsi. Kusan iyakar bayanin fim ɗin ke nan. Sauran kuwa masu kallo ne suke ta cikewa da hasashe, yau shekara talatin da ɗoriya, mu ma muka tsoma baki.

Ɗayanmu, mai karatun kimiyya, ya tsaya a kan ra'ayin da ya fi yaɗuwa, cewa jikin dodon tarin ƙananan na'urori ne, kowane ɗigo da ɗan hankalinsa, kamar gara a cikin suri. Hujjarsa ita ce lokacin da aka daskarar da shi da ruwan naitirojin aka farfasa shi, gutsattsarin sun narke sun nemi juna da kansu. Wani kuma, jikan maƙera, ya ce ai zubi ne kawai, yadda ake danna abu a yumɓu a ɗauki siffarsa. Nan muka kama shi. A asibitin mahaukata dodon ya shimfiɗe ya zama daɓe, mai gadi ya taka shi, sai ga shi ya miƙe da kamannin mai gadin, har da fuska da tumbi. To, yaya aka yi tafin takalmi ya ba da labarin hanci? Kuma ina ƙarfen yake zuwa idan ya tashi daga ƙaton namiji ya koma siririyar mace? Wasu sun ce cikinsa kan zama kogo ne idan ya kumbura. Abin dariya, masu fim ɗin kansu ba su wahalar da kansu ba a nan: tagwaye suka samo suka fito a matsayin mai gadin da kwafinsa.

To amma wurin da ya hana mu barci daban ne. Dodon ya kashe matar da ke riƙon John, ya ɗauki siffarta da muryarta, yana jiran yaron ya bugo waya. Da ya bugo, sai ya ji ana yi masa magana da taushi da lallami, nan take jikinsa ya ba shi, domin matar ba ta taɓa yi masa irin wannan kirki ba. Sai na'urar da ke kāre shi ta karɓi wayar, ta kwaikwayi muryarsa, ta tambayi lafiyar karen gidan da sunan ƙarya. Sunan karen Max. Dodon ya amsa cewa lafiya lau yake, asirinsa ya tonu. Ashe taɓawa na ba shi fata da tufafi da murya, amma ba ta ba shi abin da zaman shekaru ya tara a gida guda.

Da muka zo nan sai ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san inda maganar ta dosa. Uku daga cikinmu a Kudu aka haife mu, a unguwannin Sabo, inda muka tashi da Hausa mai gauraye da Yarabanci da Turancin kasuwa. Da muka shigo jami'a sai muka ji kunyarta, muka duƙufa a kan littattafai da rediyo, muka haddace karin magana, muka gyara lafazi har malamai suka yaba. Hutun bara ɗayanmu ya kai ziyara garin kakanninsa a Arewa, karo na biyu a rayuwarsa. Ya gaida kakarsa da Hausa tsantsa, kowace jimla da karin maganarta. Tsohuwar ta saurare shi har ya gama, sannan ta dubi jikokinta na gida ta ce, "Wannan maigidan nawa labaran duniya yake karanto mana?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Da yamma aka aike shi ya kira wata gwaggonsa da sunan da 'yan gida suke kiranta da shi, ya tsaya a tsakar gida bai san wadda ake nufi ba.

Bana ya ce zai koma ya yi hutun duka a can. Ya sayi ƙaramin littafin rubutu don ya riƙa rubuta sunayen dangi da laƙabinsu. Jikan maƙera ya dubi littafin, ya ce wannan ma ai zubi ne. Har yanzu ba mu gama wannan gardamar ba.