Mai keke a Gulbin Kaba

A watan Mayu mu uku muka ɗauki amalanken jaki daga garinmu za mu wani ƙauye arewa da Mayahi, sayen kabar saƙar tabarmi. Jika 60 na asusunmu suna ɗaure cikin lalita, kuɗin mata 25.

Wadda ba ta san Gulbin Kaba ba, kar sunan ya ruɗe ta. Da rani babu ruwa ciki, sai rairayi mai zurfi da itatuwan goriba. Ana iya tafiyar awa biyu ba a gamu da kowa ba.

Da rana ta take, tayar amalanke ta taka ƙayar aduwa ta sace. Muna tsaye cirko-cirko sai ga wani can nesa yana turo keke, fuska naɗe da rawani. Gabanmu ya faɗi. Kowace ta tuna labaran masu tare hanya, mai riƙe da kuɗi ta ƙara ɗaure zane.

Da ya iso ya yi sallama, muka ga saurayi ne, leɓɓansa duk sun tsage. Ya ce, "Inna, ku taimake ni da ruwa, tun safe nawa ya ƙare." Bidonmu ya riga ya yi rabi. Muka kalli juna, babbarmu ta ce, "Sha, ɗana." Muka dama masa fura.

Ashe daga cin rani yake. A Kano ya sayi keken da kuɗin ga-ruwa, ya biyo ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maradi da Cadawa, kwana shida yana kwana a masallatai. Ya ƙi shiga mota don kuɗin su isa sayen irin gero. So yake ya isa gida kafin ruwan shuka.

Ya dubi tayarmu ya ce, "Ina kunka nufa haka?" Bai jira amsa ba ya kwance wani ƙunshi: faci, sholisho da famfo. Famfon keke ba ya cika tayar amalanke da wuri, sai muka riƙa karɓeɓeniya muna dariya. Ya kuma gaya mana rijiyar da muke dogara da ita a gaba gugarta ta tsinke, mu ratsa ta ƙauyen yamma. Da ba mu ji ba, da mu da jakin mun sha wuya.

Muka miƙa masa dala 100, ya ƙi. Muka rabu da addu'a, ko sunansa ba mu tambaya ba.

Ƴan uwa, ba mu ce a daina hattara ba. Kada mace ta shiga daji ita kaɗai da kuɗin ƙungiya. Amma ku ɗauki ruwan da ya fi buƙatarku, don akwai na wanda za ku iske a hanya. Mu yanzu bido biyu muke ɗaurawa, kuma asusu ya sayi famfo.