Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa yin sharhinsa a jarrabawa na sami maki mai kyau, amma ban san nauyinsa ba sai a hutun da na yi a garinmu Zurmi a farkon watan Maris na 2024, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Abin da ya faru ne nake son in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamaina labarinsa, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da ya tsirar da mu.

A gidanmu akwai wata babbar firiza wadda Inna take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita. Kada mai karatu ya raina wannan firiza, domin rabin kuɗin rajistata da kuɗin motar da ke kawo ni makaranta daga cikinta suke fitowa, musamman a watan azumi lokacin da kowa ke neman ruwan sanyi. Wutar gwamnati kuwa a wajenmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi, wani lokaci ma a daɗe ba a ga ƙeyarta ba. Saboda haka Baba ya sayi janareto. Wanda ya haɗa mana wayoyin gidan wani yaro ne ɗan aminin Baba, mai shagon cajin waya da gyaran tocila, wanda duk unguwa ke kira Injiniya. Bai karɓi ko kwabo ba, goro kawai aka ba shi da godiya.

Ran nan da hantsi autarmu, yarinya 'yar shekara bakwai, ta fito daga wanka ƙafa ba takalmi, sai Inna ta aike ta ta ɗauko zoɓo. Tana dafa jikin firizar sai muka ji ƙara. Wuta ta fizge ta ta jefar da ita gefe, ta tashi tana makyarkyata, ta kasa ko kuka. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Da na kashe janareto na duba bango, sai na ga soket ɗin ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonanniyar roba.

Da Baba ya dawo ya ji labari, sai ya ce a kira Injiniya. Inna ta ce ita dai yaron nan ba zai sake taɓa wayar ɗakinta ba, ko da za ta daina sana'ar. Ban taɓa jin ta musa wa Baba magana a gabanmu ba sai ran nan. Baba ya yi shiru, can ya dube ni ya ce, "To, kai ne ɗan jami'a. Sai ka nemo muna wanda ya iya."

Jama'a, nan fa ake yin ta. Ni ɗalibin Hausa ne. In an ce in rarrabe gaɓoɓin kalma ko in fitar da karin waƙa, sai in gyara zama, amma ban san abin da ya raba wayar fitila da ta soket ba. Sai dai matambayi ba ya ɓata. Na fara da masu sayar da kayan wuta a kasuwa. Shago uku na shiga, kowanne ya ba ni sunan wani daban, kuma daga baya na gane kowa mai sayayya a wurinsa yake tallatawa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka nuna mini ma ya yanke mini kuɗin aiki nan take a tsaye, bai ko tambayi ɗaki nawa ne a gidan ba. Na dawo gida kaina ya ɗaure.

Kawuna ne ya tura ni wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin NEPA da ya yi ritaya, ido ya fara yi masa rauni har ya bar hawa tsani. Na same shi a zaurensa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Kafin ya amsa sai da ya ba ni tarihi, kamar yadda tsofaffi suka saba. Ya ce an gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, sannan a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa da harkar rarraba wuta, Zamfara da Sakkwato da Kabi suka faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke Kaduna. Ya ce duk wannan sauye-sauye bai sauya abu ɗaya ba, wato aikin mai kawo wuta a bakin mita yake tsayawa. Abin da ke cikin gida kuwa, alhakinsa na wuyan maigida.

Daga nan ya ce, "Ɗana, in ka sami mai aiki, ka tambaye shi abu huɗu. Ina ya koya, kuma hannun wa? Yana da takarda? Wane gida ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da sunka wuce, ka tai ka gani da idonka? Na huɗu, ka dubi jakarsa. Wanda duk ya zo maka da filaya da salatif kaɗai, ka ba shi ruwa ya sha, ka sallame shi." Ya bayyana mini cewa akwai takardar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai hawa uku, ana farawa daga daraja ta uku a hau zuwa ta ɗaya, akwai ta hukumar NABTEB da 'yan makarantun koyon sana'a ke samu, akwai kuma shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 don duba ingancin aikin lantarki. Amma ya ja kunnena cewa takarda ba ta riƙe filaya, sai an haɗa da ganin aiki.

Shi ne ya ba ni lambar wani magidanci a Ƙaura Namoda, wanda ya fara koyo a hannunsa, daga baya ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, wadda aka kafa a 1983. Na kira shi. Abin da ya fara burge ni shi ne ya ƙi faɗin kuɗi sai ya gani, kuma ya ce kada a sake tayar da janareto kafin ya zo. Ya kwatanta mini wani gida a nan Zurmi da ya yi wa aiki tun shekarun baya, na je, maigidan ya zagaya da ni, na ga wayoyi a cikin bututu a miƙe, ya ce tun da aka yi bai sake kiran kowa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne. Saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki, zai taso sai rana ta ɗaga motoci sun fara wucewa, kuma zai juya kafin la'asar. Ban ga laifinsa ba, don kowa ya san abin da matafiyi ke ɗauke da shi a zuci tsakanin Ƙaura da Zurmi.

Da ya iso bai taɓa komai ba sai da ya yi kusan sa'a guda yana aune-aune da na'urarsa. Sannan ya kira Baba ya nuna masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka ja wa firiza siririya ce ƙwarai, ba ta ko kai ta fitila ba, alhali soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 yake bukata, fitila kuma 1.5. Ya ce waya kamar hanyar ruwa ce, in ta yi ƙanƙanta ga abin da ke bi ta cikinta sai ta yi zafi, robarta ta narke. Ya kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ya buɗe mahaɗai biyu, ashe murɗe su kawai aka yi aka naɗe da leda. Ya zare fis, sai muka ga an ɗaure shi da waya mai kauri. Ya ce shi fis an yi shi ne don ya tsinke in wuta ta yi yawa, ya mutu a madadin gida, wanda ya ɗaure shi ya kashe mai gadi ke nan. Gidan duka kuma babu wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta zurara jikin ƙarfe ta kai ta ƙasa. Da ta rasa hanya, sai ta bi ta jikin yarinya mai jiƙaƙƙiyar ƙafa. Wutar gida kuwa bolt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciyar babba, balle yaro.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yadda aka haɗa janareto da layin gwamnati ba tare da makunnin da ke raba su ba. Ya ce in an manta ba a cire na gwamnati ba, wutar janareto takan koma baya ta bi layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layi a mace yake. Baba ya yi salati.

Amma da aka zo maganar kuɗi, sai fuskar Baba ta sauya. Mutumin ya rubuta kayan aiki daban, ladan hannu daban, ya ce mu sayo kayan da kanmu in muna so, muddin ya duba su kafin a biya. Jimillar ta kai kuɗin tunkiya. Baba ya ce, "Wanga aiki da anka yi muna kyauta?" Inna daga bayan ƙofa ta ce, "Malam, kyautar ce ta kusa cin ɗiyarka." Washegari aka kai tunkiyar kasuwa.

Saura matsala ɗaya, wato zumunci. Labari ya kai wa aminin Baba cewa an ɗauko baƙo daga Ƙaura an kushe aikin ɗansa, har ya yi kwana biyu bai zo hira ba. Ni kaina na ji nauyi, don Injiniya abokin wasana ne tun muna makarantar allo, kuma ba mugunta ya yi mana ba, iyakar saninsa ke nan. Na same shi a shago na roƙe shi ya zo ya kama wa baƙon aiki. Ya zo yana cin magani. Mutumin bai ci fuskarsa ba ko kaɗan, sai ma ya miƙa masa guduma ya ce ya kafa turken jan ƙarfen wayar ƙasa a bayan ɗaki inda ƙasa ke da danshi, yana yi yana gaya masa dalili. Kwana biyu suka yi suna aikin. Ran da aka gama, na ji Injiniya yana tambayarsa yadda ake shiga jarrabawar sana'a. Ko ya shiga ko bai shiga ba, wannan ya rage nasa, amma na ga ya sayi na'urar awo.

Firiza ta tashi ana gobe azumi. Baba har yau yakan ambaci tunkiyarsa, amininsa kuma sai da aka yi sallah suka koma kamar da. Auta kuwa ta fi wata guda ba ta yarda ta kusanci ɗakin ba.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu mu ne 'yan boko na farko a gidajenmu, kuma duk abin da ya gagara mu za a duba, ko mun karanta shi ko ba mu karanta ba. In an ɗora maka irin wannan, kada kunya ta sa ka nuna ka sani. Ka nemi tsohon hannu ka tambaya, ka je ka ga aikin mutum kafin ka ba shi naka, ka sa a rubuta maka kuɗin kaya da na aiki, kuma kada ka yarda a ɗaure fis ko a bar gida babu wayar ƙasa. In mai gyaran ɗan'uwa ne ko ɗan maƙwabci, a gaya masa gaskiya cikin mutunci, don gara ɓacin ran kwana biyu da zaman makoki.

Allah ya kiyashe mu da gobara da sauran masifu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.