Shekarar da Aka Ba Ni Ɗalibi

A aji shida na firamare ne yaro yake fara jin ya girma. Shi ke buga ƙararrawa, shi ke tsare ƙofa da safe yana rubuta sunayen masu latti. Cikinsa kuwa ya ɗuri ruwa, domin jarrabawar shiga sakandare tana jiransa a ƙarshen shekara.

Mu 'yan bayan shirin UPE ne, na ilimin firamare ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976, lokacin da azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi kaɗan. Ana koyar da mu da Hausa har aji uku, daga aji huɗu a koma Turanci. Saboda haka da yawanmu muka iso aji shida da hadda zalla. Mukan rera jadawalin sau da baki ɗaya, muryarmu har bakin titi, amma abin bai zauna a ka ba.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, bai ƙara mana bulala ba. Sai ya raba mana 'yan aji biyu, kowa da nasa, ya ce bayan an dawo daga tara mu zauna da su a gindin darbejiya mu koya musu lissafi da karatu. "Duk wanda ɗalibinsa ya faɗi," in ji shi, "da shi zan yi magana."

Nawa ɗalibin ya yi nisa a makarantar allo, don haka daga dama yake fara rubutu. Wannan bai ba mu wahala ba. Inda muka cije shi ne ɗebewa mai aro. In ce masa a aro ɗaya daga maƙwabci, shi kuma ya dube ni ya ce, "Yaya, to me ya sa ɗayan yake zama goma?" Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na kwana da ita. Da safe na zo da sule ɗaya da tarin kwabbai, na ce ya biya ni kwabo bakwai daga sule da kwabo uku. Da kansa ya ce sai an yi canjin sulen, ya zama kwabo goma. Shi ya gane, ni ma a wannan zaman lissafin ya zauna mini daram.

Ban da lissafin, na koyi jiran mai jinkirin fahimta ba tare da tsawa ba, abin da ba ya zuwa wa ɗan shekara 12 da sauƙi. Na kuma fara jin kunyar yin latti, tunda akwai mai jirana.

Shi ya sa abin da nake gani yau yake damuna. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Duk da haka iyaye da yawa, musamman a makarantun kuɗi, suna cire yaro daga aji biyar su tura shi gaba, wai don kada ya ɓata shekara. Ya tashi daga ƙarƙashin manya a nan, ya faɗa ƙarƙashin manya a can, ba a taɓa damƙa masa kowa ba. Da ƙanwata ta zo mini da wannan shawara a kan ɗanta, roƙonta na yi ta bar shi ya ƙarasa.