Kuɗin Makaranta da Inuwar Maigida: Yadda Ake Shiga Sana'ar Ƙawata Gida a Amurka da Ingila

A Kano ko Damagaram, idan yaro zai koyi kafinta, ko ɗinkin labule, ko aikin silin, hanyar sananniya ce. Mahaifinsa ko kawunsa zai kama hannunsa ya kai shi wurin mai sana'ar, ya ce ga amana na kawo maka. Daga ranar yaron ya yi maigida, unguwa duka ta san yaron wane ne, kuma an san abin da ya rataya a wuyan kowannensu. A nan Amurka kuwa, in ka tambayi yadda ake zama mai tsara cikin gida, wato wanda ake biya ya zaɓi launin bango da kujeru da fitilu da labule, ya kuma shirya inda kowanne zai zauna, amsar da za a ba ka ita ce makaranta. Za a ambata maka makarantu irin su Parsons da ke New York, inda kuɗin shekara ɗaya ya haura dala dubu 50, sannan a ambata jarrabawar NCIDQ wadda wasu jihohi ke nema kafin su yi wa mutum rajista. Wannan amsa gaskiya ce, amma rabi ce. Sana'ar nan ma da maigida ake shigarta, kamar dai a gida. Bambancin shi ne mu mun raɗa wa dangantakar suna, mun ɗora mata haƙƙi, su kuwa sun bar ta a ɓoye ƙarƙashin sanayya. Abin da aka bar wa sanayya kuma, a ƙasar da launin fata ya daɗe yana raba unguwanni da makarantu, launin fata zai bi.

Tarihin sana'ar ya isa shaida. Elsie de Wolfe, wadda ake yawan kira ta farko da ta mayar da ƙawata ɗaki sana'a a Amurka, ta sami babban aikinta na farko a 1905, wato ƙawata Colony Club, kulob ɗin matan attajiran New York, ta hannun ƙawaye da abokai da ke cikin wannan da'irar. Sister Parish, wadda ta gyara wa Jacqueline Kennedy ɓangaren iyali a Fadar White House, ba ta yi karatun sana'ar ba sam. 'Yar manyan gida ce, kuma masu ba ta aiki na farko mutanen da take cin abinci da su ne. Kamfanin da ta haɗa da Albert Hadley ya zama makarantar da ta fi makaranta: Bunny Williams ta yi fiye da shekara 20 a can kafin ta buɗe nata. Bahaushe zai gane wannan nan take, uwar ɗaki ce da 'yar ɗakinta. Ko jarrabawar NCIDQ ɗin ma ba ta kuɓuta daga wannan ba, domin mai digiri sai ya tara awoyin aiki da suka kai kimanin shekara biyu a ƙarƙashin wani ƙwararre kafin ya kammala ta. Wanda babu mai ɗaukarsa aiki, takardar digirinsa sai ta yi ta kwana a akwati.

Abin da ake koya a gindin maigida ba ya cikin littafi. Yaya ake faɗa wa attajira cewa kujerar da ta gada daga kakarta ba ta dace da falon ba, ba tare da ta ji haushi ba? Wane mai ɗinkin kushin ne ke cika alkawari, wane ne sai ka ninka lokacin da ya faɗa? Nawa ake ɗora wa kaya riba? Akwai kuma manyan shagunan yadi da kayan ɗaki, irin na ginin D&D a New York ko na Chelsea Harbour a Landan, waɗanda yawancinsu 'yan sana'a masu rajista da su kaɗai suke sayar wa kaya a farashin sari. Da ɗan gari kan ci gari. Sannan ga matakin farko, aikin koyo, wanda aka daɗe ana yin sa kyauta ko da ɗan abin da bai isa kuɗin haya ba, a birane mafi tsada a duniya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta baƙar fata kuwa kimanin dala 45,000. Wannan tazara ba daga sama ta faɗo ba. Tun shekarun 1930 aka riƙa ja wa unguwannin baƙar fata jan layi a taswira ana hana su bashin sayen gida, kuma sai a 1968 doka ta haramta nuna wariya a harkar gidaje. Sana'ar da kayan aikinta gida ne, masu ba da aikinta masu gidaje ne, ba yadda za a yi wannan tarihin ya tsallake ta.

Saboda haka nake ganin tallafin karatu, duk da amfaninsa, shi ne mafi sauƙin abin da kamfani zai yi ya wanke kansa. Ana rubuta cek, a ɗauki hoto da ɗaliba, a wallafa, shi ke nan. Ɗalibar ta gama karatu ba bashi a kanta, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma tana tsaye a bakin ƙofar da takwarorinta suka riga suka shige ta baya. Baƙar fatan da ke cikin sana'ar sun fahimci haka tun kafin kamfanoni su farga. Kimberly Ward ta kafa Black Interior Designers Network a 2010 domin su san juna, su riƙa miƙa wa juna aiki da shawara. Malene Barnett ta kafa Black Artists + Designers Guild a 2018, kuma cikin abubuwan farko da ƙungiyar ta yi har da jera sunayen mambobinta da ayyukansu, domin a daina cewa an nema ba a samu ba. Dukansu biyu sanayya suka nemi ginawa, wato abin da makaranta ba ta sayarwa.

Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, alkawuran kamfanoni na buɗe wa baƙar fata ƙofa sun yi ta zuba kamar ruwan Agusta, kuma da yawansu sun ɗauke da wuri. Wanda ya fi jan hankalina a Ingila aka yi shi. A shekarar ne Sophie Ashby da Alexandria Dauley suka kafa United in Design, kuma cikin shirye-shiryenta akwai na koyon sana'a inda kamfanoni huɗu ke haɗa kuɗi su biya ɗan koyo albashin shekara guda, ya yi wata uku a kowanne. Ƙaramin shiri ne, mutanen da yake ɗauka ba su da yawa, amma ya taɓa inda ke ciwo. Ɗan koyo yana da abin ci, yana fita da iyayen gida huɗu da za su iya cewa mun san shi, kuma dangantakar ta tashi daga alfarma ta koma wajibi mai wa'adi. Ba su san da mu ba, amma wajen tsarinmu suka matso.

A nan sai an yi hattara, kada ɗoki ya sa mu ɗauki namu tsarin mu ce ba shi da aibu. Gaskiya ne ƙasar Hausa ta fitar da gwanaye ta wannan hanya. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da bakan gizo da zanen da har yau masana gini ke zuwa kallo, ya bar zuriyar magina, kuma sarautar Sarkin Magina tana nuna cewa sana'ar tana da shugabanci da ladabi. A Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma tsarin da ya haifi waɗannan shi ma yana da ƙofar da yake rufewa. Sana'ar gado ce, kuma gado yana nufin wani an haife shi a ciki, wani a waje. Ba mu raba mutane da launin fata irin na Amurka, amma muna tambayar asali, kuma kowa ya san sana'o'in da ake yi wa kallon raini idan maganar aure ta taso. Akwai maigidan da ke riƙe yaro shekara da shekaru yana aike da shara, ba ya yaye shi domin kada ya rasa hannu. Ga kuma mata: su ne suka riƙe fasahar jere, tun zamanin ƙwarya da tasa da kwalla har zuwa na kabet da gadon zamani, su ne suka san yadda ɗakin amarya zai ɗauki ido, amma an daɗe ana kallon aikin a matsayin hidimar biki, ba sana'ar da za a biya ba. Abin da nake yaba wa a tsarinmu abu ɗaya ne tak: maigidan da ya ci amanar yaronsa an san ya ci amana, akwai bakin da zai faɗa, domin an yi alkawarin a gaban mutane. A New York, babban mai sana'a da ya shekara 30 bai taɓa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya ba, babu alkawarin da ya saɓa.

Wani zai ce ido ba ya ƙarya, mai gwaninta zai fito ko ta halin ƙaƙa, kuma zai kawo misalin Sheila Bridges, wadda ta tsara ofishin tsohon shugaba Bill Clinton a Harlem, kuma zanenta na Harlem Toile ya shiga gidajen tarihi. Amma ita Bridges ta yi karatu a jami'ar Brown da kuma Parsons, wato ta bi ta manyan ƙofofi, kuma fitowar mutum ɗaya ko goma ba ta faɗa mana komai game da ɗaruruwan da suka juya tun daga zaure. Sannan a wannan sana'a gwaninta ba ta bayyana sai an ba ka ɗaki da kuɗi. Mawaƙi yana iya rera waƙarsa a kasuwa a ji, mai ƙawata gida kuwa sai wani ya yarda ya miƙa masa mabuɗin gidansa. Wani kuma zai ce sana'ar masu kuɗi ce, wa ya damu da wanda ke zaɓa wa attajirai labule. Wannan ya manta cewa 'yan sana'ar nan su ne ke tsara cikin asibitoci da makarantu da ofisoshi da gidajen tsofaffi, inda talaka ke kwana yake wuni.

Suka mafi nauyi ita ce ta adalci: me ya sa za a keɓe tallafi ga wani launi, alhali akwai 'yar farar fata matalauciya a ƙauyen Kentucky da ita ma ba ta san kowa ba? Ban ɗauki wannan tambaya da wasa ba, kuma doka a Amurka ta karkata wajenta. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta wa jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a 2024 kuma asusun Fearless Fund ya rufe shirinsa na tallafa wa mata baƙar fata masu kasuwanci bayan an kai shi ƙara. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta bar ɗan fili ga matakan taimaka wa rukunin da aka bari a baya, shi ya sa shiri irin na United in Design ya fi samun wurin tsayawa a can. Sai dai wannan suka tallafin da aka keɓe take bugu, ba ta taɓa gyaran da nake magana a kai ba. Biyan ɗan koyo albashin da zai rayu da shi, tallata gurbin aiki a fili maimakon a raɗa wa 'yar abokiya, zuwa neman ɗalibai a jami'o'in baƙar fata irin su Howard da kwalejojin gwamnati masu araha, duk waɗannan ba su saɓa wa hukuncin kowace kotu ba, kuma 'yar Kentucky za ta amfana da su kamar yadda 'yar Harlem za ta amfana.

Akwai mataki na ƙarshe da shirye-shiryen nan suka fi sakaci da shi, shi ne yaye. A gida, maigidan kirki idan ya yaye yaronsa yakan haɗa masa kayan aiki, wani har da ɗan jari, sannan idan ƙaramin aiki ya zo wanda bai kai ya tsaya a kai ba, sai ya ce je wurin yarona wane, hannuna ne. Da irin waɗannan ayyukan sabon shago ke tsayawa da ƙafarsa. Manyan kamfanonin New York da Landan ma kullum suna mayar da ayyukan da suka yi musu ƙanƙanta, ɗaki ɗaya ko ƙaramin gidan haya, kuma mai gidan yakan tambaya, to wa za ku haɗa ni da shi? Sunan da ake faɗa a wayar nan ba ya shiga rahoton shekara, babu ƙungiyar da ke ƙirga shi, kuma har yanzu yawanci sunan wanda ya taɓa zama a teburin kamfanin ne.